Niall, ɗan baiwar da ya zama kakan sarakuna

A nan Mai Wurno, bakin Kogin Nilu, ba a wasa da zancen asali. Dattijo kan jero maka kakanninka har zuwa waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi ya sa tarihin Niall, wani sarkin ƙasar Ailan na ƙarni na 5, ya shiga raina, kuma mahaifiyarsa ce ta fi tsaya mini.

Sunanta Cairenn. Labarin gargajiyarsu ya ce daga ƙetaren teku aka kawo ta gidan sarki Eochaid, mahaifin Niall. Uwargida Mongfind, mai 'ya'ya maza huɗu, ta tsane ta, ta sa ta jidon ruwa tana da tsohon ciki. A waje ta haihu, tsoron kishiya ya hana ta ɗaukar jaririn, sai wani mawaƙi, Torna, ya tsince shi ya raine shi. Da yaron ya kawo ƙarfi ya dawo gidan ubansa, abin da ya fara yi shi ne raba uwarsa da bauta. Wallahi duk lokacin da na zo nan sai jikina ya yi sanyi.

An rubuta wannan labari ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa, a zamanin da zuriyarsa ke da ƙarfi. Da sun ga dama da sun goge baiwar nan, baƙuwa, daga jerin. Ba su goge ta ba, kuma ina ganin girmansu a kan haka, ni da na taso inda ake yawan tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne ɗan zuwa.

Ana yi masa laƙabi da mai jingina tara, don a lokacin sarkin da ya yi mubaya'a yakan miƙa wani na jikinsa a riƙe. 'Ya'yansa biyu, Conall da Eógan, sun bar sunayensu a kan yankunan Tír Chonaill da Tyrone na arewa. Daga tsatson Conall aka sami Columba, malamin Kirista da ya kafa zawiyarsa a tsibirin Iona a 563. Gidan Niall, da ake kira Uí Néill, ya riƙe babbar sarautar Ailan a wani tudu mai suna Tara, reshen arewa da na kudu suna karɓa-karɓa, har Brian Boru, wani sarki daga wajen gidan, ya karɓe ta daga hannun Máel Sechnaill, ɗan zuriyar Niall, a 1002.