Ƙarfe 3 na dare

Yau na raka ƙanena asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, zuwansa na farko. Tun a cikin Adaidaita Sahu kansa ke sunkuye, ni kuma raina cike da labaran da muka taso muna ji, na mari da allura da ihu. Muka yanki kati muka zauna a benci, kowa shiru kamar a kowane asibiti. Da muka shiga na fara zuba bayani, sai likita ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bari ya faɗa da bakinsa." Ya juya ya kalle shi: "Samari, ƙarfe nawa kake farkawa da dare?" Yaron da ya yi wata 4 sai dai e ko a'a, ya ce, "Ƙarfe 3. Kullum." Wallahi ɗaki ɗaya muke kwana, ban taɓa sani ba.

Kusan awa guda ana tambayoyi: cin abinci, ko yana shan wata ƙwaya, ko an taɓa samun mai irin wannan a dangi. Can ya ce in ɗan ba su wuri, sirrin mara lafiya ne. Ba a yi masa allura ba. Gwajin jini aka rubuta da magani guda, aka ce sai ya yi sati 2 zuwa 4 kafin a fara ganin aikinsa, kuma kada ya daina don ya ji sauƙi. Yanzu ya samu barci. Ina zaune ina lissafin dare nawa ya yi ido biyu, ni ina minshari a gefensa.