Mako Guda a Hidimar Ikilisiya a Jamus, da Abin da Ya Koya Mini

Idan aka ce matashi ya tafi aikin sa kai a wata ikilisiya a ƙasar waje, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne wa'azi da waƙoƙi da manyan taruka. Shekarar da na yi a wata ikilisiyar Furotesta a wani ƙaramin gari na jihar Baden-Württemberg, kudu maso yammacin Jamus, mafi yawanta ta tafi ne wajen jera kujeru, dafa kofi, ɗaukar akwatunan kayan lambu da sauraron tsofaffi. Ayyukan suna dawowa kowane mako, a rana ɗaya, a sa'a ɗaya, kuma wannan dawowar tasu ce ta koya mini yawancin abin da na sani yanzu game da hidima.

Na je ne ta shirin weltwärts, wanda ma'aikatar raya ƙasashe ta Jamus ta kafa a 2008 don tura matasan ƙasar aikin sa kai a waje. A 2013 aka buɗe ɗaya ɓangaren, wato matasa daga Afirka da Asiya da Latin Amurka su ma su zo Jamus su yi hidima. Babu albashi. Ana ba ka wurin kwana da abinci da inshorar lafiya da ɗan kuɗin aljihu, sannan wajibi ne ka halarci kwana 25 na bita a cikin shekarar. Aiki ne na cikakken lokaci, jadawalinsa a rubuce, hutunsa ma a rubuce.

Makon aiki a wurinmu yana farawa ne ranar Talata da safe, a ofishin ikilisiya. Fasto, sakatariya, mai kula da ginin coci da ni, kowa da kalandarsa a buɗe. Ana farawa da gajeriyar addu'a, sai a bi mako rana bayan rana: wa zai buɗe zaure, wa zai kunna na'urar ɗumama ɗaki, akwai jana'iza ko babu, wace ƙungiya ce ta riga ta kama wane ɗaki. A watan Satumba ana maganar bikin Kirsimeti, a watan Janairu ana tsara Ista. Ranar farko Fasto ta ce da ni, "Abin da ka ce za ka yi, shi za mu rubuta. Abin da ba za ka iya ba, ka faɗa mana a nan." A wannan ɗaki na gane cewa faɗin "ba zan iya ba" tun ranar Talata taimako ne ga abokan aiki, domin suna da sauran kwanaki na neman wani. Alkawarin da aka yi don kunya, aka kuma saɓa ranar Juma'a, shi ne ke barin tsohuwa tsaye a bakin ƙofar da ba a buɗe ba.

Mai kula da ginin coci shi ne babban malamina, ko da yake ba a rubuta haka a ko'ina ba. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san wane makulli ne na wace ƙofa, da sa'o'i nawa tsohon ginin dutse ke ɗauka kafin ya yi ɗumi a lokacin hunturu, da wace kwandon shara ce ta takarda, wace ce ta roba, wace ce ta ragowar abinci. Ba mai yawan magana ba ne. Yakan nuna maka abu sau ɗaya, a hankali, ya kuma tsaya ya ga ka yi da hannunka.

Laraba da yamma ta yara ce, 'yan shekara 13 zuwa 14 da ke shirin tabbatar da bangaskiyarsu a gaban ikilisiya. A wannan yanki makarantu kan bar musu yammacin Laraba don wannan darasi. Suna tambaya ba shayi, wasunsu ma su gaya maka kai tsaye cewa kakarsu ce ta sa suka zo. Fasto ba ta taɓa tsawata musu kan haka ba, kuma na ga hikimar hakan: yaron da aka bari ya faɗi shakkarsa yau, shi ne ke dawowa da wata tambayar mako mai zuwa.

Amma ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce Alhamis. Da rana akwai zumuntar tsofaffi a zauren ikilisiya, da kofi da kek da waƙoƙin da suka haddace tun suna yara. Bayan an tashi, nakan ziyarci waɗanda ƙafa ta hana su fitowa. Da yawansu su kaɗai suke zaune, 'ya'yansu suna aiki a wasu birane masu nisa. Akwai wata dattijuwa da ta haura shekara tamanin, wadda aka kawo yankin tana ƙarama bayan ƙarshen yaƙin duniya na biyu a 1945, cikin Jamusawa kimanin miliyan 12 da suka gudu ko aka kora daga gabashin Turai. Jamusancina a watannin farko bai kai ya kawo ba, ita kuma karin harshen yankin take yi, wanda ya sha bamban da na aji. Rabin abin da take faɗi ya wuce ni. Duk da haka, ina isowa nakan tarar ta riga ta ajiye kofuna biyu a kan tebur, kuma in zan tafi tambayarta ɗaya ce: "Za ka zo Alhamis mai zuwa?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ba ta taɓa neman in yi mata wa'azi ba, ba ta kuma damu da kurakuran harshena ba. Abin da take so ta tabbatar shi ne akwai wata sa'a a cikin makonta da wani zai danna ƙararrawar ƙofarta. Mutumin da kwanakinsa duk suka zama iri ɗaya, irin wannan sa'a ce ke raba masa mako gida biyu, kafin zuwan baƙo da bayan tafiyarsa. Ziyara mai armashi sau ɗaya a wata uku ba ta yi masa wannan amfanin. Sai ziyarar da ba ta da wani abin burgewa amma ba ta fashi. A hankali, yau da gobe, kunnena ya saba da maganarta, ta ba ni labarin keken doki da sanyin hanya da mutanen da ba su yi marhabin da su ba sa'ad da suka iso. Ta san zaman baƙunci fiye da ni, kuma ita ce ta fara lura da cewa duhun Disamba yana damuna, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma. A Lahadin ƙarshe kafin makonni huɗu na shirin Kirsimeti, ikilisiyoyin Furotesta na Jamus kan karanta sunayen membobin da suka rasu a shekarar, a kunna wa kowa kyandir. Cikin sunayen da aka karanta a tamu akwai na wani dattijo da na sha zuba wa kofi ranar Alhamis.

Juma'a ta Tafel ce, wato wuraren da ake tattara abincin da manyan kantuna ba su sayar ba amma bai lalace ba, a ba masu ƙaramin ƙarfi. An buɗe ta farko a Berlin a 1993, yanzu sun haura 900 a faɗin ƙasar. Da sassafe mukan bi kantuna da mota, mu dawo mu tsince abin da ya ruɓe, mu jera sauran a kan kanta. Tun bayan ɓarkewar yaƙin Yukren a 2022 layin ya ƙara tsawo, ga tsofaffin da fanshonsu ba ya kai su ƙarshen wata, ga iyaye mata masu renon yara su kaɗai, ga 'yan gudun hijira. Abu biyu na koya a nan. Na farko, mutane suna biyan ɗan kuɗi kaɗan, su kuma zaɓi abin da suke so da kansu, domin mai saye yana fita da kansa a ɗage. Na biyu, ba a ɗaukar hoton kowa. Matashin da ya zo daga nesa yana da sha'awar nuna wa masu tallafa masa abin da yake yi, wannan ba laifi ba ne, amma fuskar mabukaci ba kayan rahoto ba ce. Ina ganin duk wata ikilisiya a ko'ina take ya kamata ta riƙe wannan ƙa'ida.

Asabar gajeriya ce. A yankin Schwaben, inda garinmu yake, akwai tsohuwar al'adar karɓa-karɓa wajen share matakala da gaban gida, kowane mazauni da makonsa, kuma ba a wasa da ita. Sai sayayya, domin Lahadi kantuna a rufe suke, kundin tsarin mulkin ƙasar da kansa ya kare ranar a matsayin ranar hutu. Da yamma mu saka lambobin waƙoƙi a allo, mu gyara furanni da kyandirori.

Sai Lahadin kanta. Ƙararrawa ta kaɗa, sujada ta fara ƙarfe goma daidai, cikin kimanin sa'a ɗaya an yi albarka an tashi. Kujeru da yawa babu kowa. Alƙaluman ikilisiyar Furotesta ta Jamus da kanta sun nuna cewa wajen kashi 3 cikin 100 na membobi ne ke zuwa a Lahadi ta yau da kullum, kuma yanzu waɗanda ke cikin manyan ikilisiyoyin ƙasar biyu, Katolika da Furotesta, ba su kai rabin jama'a ba. Wannan abin baƙin ciki ne, kuma Fasto ba ta ɓoye cewa yana damunta. Sai dai wanda ya auna ikilisiyar da safiyar Lahadi kaɗai bai ga rabinta ba. Harajin coci, wanda a jiharmu kashi 8 cikin 100 ne na harajin kuɗin shiga da memba ke biya, yana shiga albashin fastoci da gyaran gine-gine da makarantun renon yara. Diakonie, sashen jin ƙai na Furotesta wanda tushensa ke komawa ga jawabin Johann Hinrich Wichern a Wittenberg a 1848, yana da ma'aikata fiye da 600,000. A Stuttgart, tun 1995, cocin Leonhard kan buɗe ƙofarta makonni da dama a tsakiyar hunturu, a ci abinci mai zafi a cikin ɗakin sujada, mai gida da marar gida a tebur ɗaya. Ban ce wannan ya maye gurbin taruwa don sujada ba. Na dai ga mutanen da ba sa iya yin addu'a da ƙarfi a bainar jama'a suna ɗaukar akwatunan dankali kowace Juma'a shekara da shekaru.

Litinin ranar hutuna ce, kuma an nace in huta. Wanki, darasin Jamusanci, kiran gida, yawo a bakin daji. A nan kewa ta fi samun mutum, domin babu aikin da zai ɓuya a bayansa. A wajen bita na haɗu da 'yan sa kai da suka ƙi hutawa a watannin farko don zumuɗi, kafin bazara sun gaji liƙis, har ziyarar da suka saba ta fara fashi. Hutun Litinin shi ke sa a iya cika alkawarin Alhamis.

Ɗan sa kai mai tafiya ne, kowa ya san haka tun ranar da ya iso. Don haka Fasto ta hana ni ƙirƙiro shirin da ba wanda zai iya riƙewa bayan na tafi, kuma wata biyu kafin ƙarshen hidimata ta sa na fara rubuta komai don wadda za ta gaje ni: inda makullai suke, yawan garin kofin da ke isar zumuntar tsofaffi, kantin da ke son a zo da wuri, wanda ba ya ji da kunnen hagu. Ziyarar Alhamis kuwa ba mu bar ta ga takarda ba. Wata mata daga cikin dattawan ikilisiya ta fara raka ni tun ina nan, ta riƙe ziyarar a ranarta da sa'arta har sabuwar 'yar sa kai ta iso a watan Satumba.