TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Ranar da Baba ya fita aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, kuyi haƙuri wancan satin kun jini shiru, gaskiya wannan kashin nake ta gudu tun da na fara baku labarin nan, sau uku ina ɗaukar waya in fara rubutu in ajiye. Toh yau dai Allah Ya bani iko.

Mun tsaya a inda na dawo gidanmu a Jekadafari da goyo bayan aurena ya mutu. Abinda ban faɗa muku ba shine Baban da na tarar ba shi na bari ba. Baba ma'aikacin reluwe ne tun yana saurayi, lokacin da layin dogo ya iso Gombe a 1963 yana cikin leburorin da suka yi dakon katakon layi, daga nan aka riƙe shi har yayi ritaya. Layin nan da ya taso ta Bauchi ya ratsa Gombe ya bi ta Bajoga ya nufi Maiduguri, ya sanshi kamar yunwar cikinsa, muna yara idan jirgi yayi kuka daga kwance yake faɗa mana na kaya ne ko na fasinja.

Gigin tsufa ne ya kama shi, kuma a hankali ya shigo. Sai yaci tuwo ya wanke hannu yace yau ba za'a bashi abinci bane, sai yayi la'asar sau biyu, ni kuma da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba yake kirana. Abinda yafi yawan yi kuwa shine da asuba ya nemi takalminsa yace zai makara, jirgin Maiduguri ya kusa shigowa. Dada sai ta lallaɓa shi tace Malam yau ai hutu ne, ya koma ya zauna. Amma ta kafa mana doka, tace kar taji zancen nan a waje, mutum mai mutunci irin Malam ba za'a ce ya zare ba a unguwa. Muka bi. Ko maƙwabcinmu na jikin katanga bai sani ba, idan aka tambayi Baba sai muce ƙafa ce ke damunsa. Wallahi har gobe wannan ɓoyon shi yafi ci min rai, ba laifin Dada nake gani ba don kunya ce irin tamu da son rufa masa asiri, amma da unguwa ta sani da ko yaro ya ganshi a hanya zai riƙo hannunsa.

Ranar Alhamis ce, saura kwana biyu zaɓen shugaban ƙasa na 2019, wanda aka wayi gari ranar Asabar ɗin akace an ɗaga zuwa 23 ga Fabrairu. Dada ta kwana da zazzaɓi bacci ya ɗauketa bayan sallah, ni ina bayan gida ina wanke ma yaro jiki, Hamma ya tafi masallaci ya bar ƙofar zaure a sake. Tsakanin wannan da wannan bai fi minti ashirin ba. Na kawo masa koko na tarar da buzunsa da carbi, babu shi babu takalmi.

Da farko ma bamu tashi hankali ba, mun ɗauka yana bakin masallaci. Sai da rana ta ɗaga sannan Hamma ya hau mashin ya zaga Bolari, Herwagana, Tudun Wada, har Pantami, yara suka bazu lungu lungu, Adda ta taho daga gidanta ko mayafin kirki babu. Sai wajen azahar Dada ta buɗe baki tace ku duba tashar jirgi. A can wani mai shayi yace tabbas yaga wani tsoho da farar jallabiya da hular sanyi, har ya zuba masa shayi ya sha, yace masa shi aiki yazo yana jiran abokan aikinsa, da ya gaji da zama sai ya miƙe ya bi layin dogo ta wajen gabas. Yace Hajiya ni wallahi da hankalinsa na ganshi, gaisuwarsa lafiya lau. Wannan mai shayin shine mutum na ƙarshe da muka samu wanda ya ga Baba.

Hamma da samarin unguwa da 'yan sintiri sun bi layin nan a ƙafa har magariba, washegari suka koma, ciyawa da kwari da gonakin mutane duk sun duba, ko takalmi basu tsinta ba. Mai unguwa ya rakamu ofishin 'yan sanda aka rubuta, akace mu kawo hoto, a nan muka gane duk gidan babu hoton Baba na kusa sai wanda akayi masa na tantance 'yan fansho, shi muka kai aka wanke. Suka ce duk mutanensu an turasu aikin zaɓe mu dawo bayan an gama. Muka kai cigiya gidan rediyo ana karantawa safe da yamma, aka sanar a masallatan Juma'a, muka bi tashar Dukku da tashar Dadin Kowa muna roƙon 'yan kamasho da direbobi, alhali tasha a cike take maƙil kowa na tafiya garinsu jefa ƙuri'a, wa zai tuna da tsoho ɗaya. Takardun cigiyar da muka liƙa a bango kuwa kafin kwana biyu an manne su da fastocin 'yan takara, da idona naga fuskar Baba rabi a waje rabi a ƙarƙashin fasta a bakin babbar kasuwa, na tsaya ina ɓanɓarewa da farce ina kuka mutane na kallona.

Sai kuma kiran waya, don lambar Hamma muka sa. Wani yace ya ganshi a Bajoga, wani yace Kumo, wani yace yana hannunsa a turo masa kati ya sako shi a mota, aka tura, ya kashe waya. Allah Ya isa kawai zance. Duk inda aka ambata sai Hamma yaje, har mashin ɗinsa ya sayar a kan kuɗin mota. Sau biyu ana kiransa mutuware ya duba gawar tsohon da aka tsinta ba'a san danginsa ba, ya dawo yace ba shi bane, ranar bai iya cin abinci ba, yace Dada wancan ma fa uban wasu ne suna can suna nema. Goggo kuma ta dage sai anje wajen mai duba, wai aljanu ne suka ɗauke shi, wasu suce matsafa ne tunda lokacin zaɓe ne. Dada tace ita ba inda zata, Allah take roƙo.

Daga baya naji a rediyo ƙungiyar Red Cross tace mutum sama da 20,000 ne aka yi rajistar ɓacewarsu a Najeriya, mafi yawa sanadin rikicin nan na arewa maso gabas. Na zauna ina tunanin irin su Baba da ba yaƙi ne ya ci su ba, ƙofa kawai suka samu a buɗe, su waye ke ƙirga su.

Abinda mutane basu ganewa shine mutuwa tana da sauƙi a kan wannan. Mutuwa ana wanka ayi sutura a kai mutum, ayi zaman makoki kwana uku kowa ya watse. Mu bamu da gawa bamu da kabari. Masu zuwa jaje ma basu san me zasu ce ba, wata ta shigo tace Allah Ya jiƙan Malam, Dada ta kalleta bata ce amin ba, kuma bata ƙara yi mata magana ba har ta tashi. Da shekara ta zagayo Hamma yaje wajen malamin da yake ɗaukar karatu ya tambaya, yace masa a mazhabarmu ta Malikiyya matar wanda ya ɓace alƙali take kaiwa magana, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, idan bai bayyana ba sannan tayi takaba wata huɗu da kwana goma, dukiyarsa kuma ba'a raba ta sai an kai lokacin da ake ganin irinsa ba zai rayu ba. Wani lauya ɗan unguwarmu yace a dokar ƙasa kuma shekara bakwai ne ba'a ji ɗuriyar mutum ba kafin kotu ta ɗauka ya mutu. Hamma ya dawo ya durƙusa ya faɗa ma Dada duka, tace toh naji, amma ni ba zan je gaban alƙali in kashe Malam da bakina ba.

Har yau bata je ba, bata yi takaba ba, kayansa na nan a akwatin ƙarfe tana fitarwa ta shanya duk bayan damina. Sai ga Baffa, ƙanin Baba, ya turo daga ƙauye wai ana son a zauna a kan maganar gonar gado tunda shekaru sun ja. Yadda zaman nan ya kaya da abinda Dada ta faɗa masa a gaban mutane, sati mai zuwa in Allah Ya kaimu.