Huɗu-huɗun dillali

Asabar. Mun je ganin gidan haya a unguwar Karkada ni da Baban Ummi, da dillalin nan dai mai jar hula. Shambur biyu da salon, jikka 40 a wata, abans na wata uku, ga kamashonshi daban.

Tun a hanya yake cika baki, wai Hajiya ɗakunan huɗu-huɗu ne, ko taron suna sai ki yi a ciki. Na kira Yaya a Kano tunda ita ta aiko min gadon, ina faɗa mata ta kwashe da dariya, wai huɗu-huɗu ai akurkin kaji ne, nata sha biyu-sha biyu ne kuma bai ishe ta ba. Na ce haba Yaya, ku can da ƙafa kuke awo mu nan da metir, ƙafa ɗaya santimetir 30 ne da 'yan kai, sha biyun taki metir 3 da 66 ce, metir kare 13 da kaɗan kenan, nawa kuwa 16. Ta ce to 'yar boko, Allah ya sa alheri, ta kashe. Har da 'yar rawata a bakin ƙofa.

Muna shiga sai jikina ya yi sanyi. Karon ƙasan (tayil) mai santimetir 40-40 ne, irin na salon ɗin Inna, na duƙa na ƙirga, 8 ta nan 9 ta can. Metir 3 da 20, metir 3 da 60. Sha ɗaya da rabi! Na ce Malam ina huɗun? Ya ce ai Hajiya da kaurin gini ake lissafi. Kaurin gini zan kwana a kai? Abin da ya ɓace ya fi gadon kanshi, don gado mai ƙafa shida-shida metir kare 3 da ɗoriya yake ci, kuma ban sa armuwar ba, ban sa katifar Ummi ba, ban bar wurin sallaya ba.

Baban Ummi shi pampo kawai ya gani, yana buɗewa ruwa ya zo shikenan hankalinshi ya kwanta. Ban ga laifinshi ba, wanda ya sha sayen ruwan garuwa a Damagaram ya san zafin abin.

Tuwo ya yi gishiri. Ummi ta ƙi barci.

Yaya ta turo saƙo wai ya ɗakin, ban amsa ba tukun, nata ya fi wannan kuma na san sai ta faɗa wa Inna. Gobe zan ari metir wurin tela in auna armuwar ɗin kafin a ba kowa ko dala.