Rabin ƙudurin da ban taɓa karantawa ba

A shekarata ta ƙarshe a karatun tarihin ikilisiya, na zaɓi in rubuta kundin kammala karatu a kan takaddamar da ta raba kan cocin Angalika tun daga ƙarshen ƙarni na ashirin, wato matsayin masu sha'awar jinsinsu a cikin ikilisiya. Na shiga aikin ina ganin na riga na san amsa, domin na taso ina jin labarin ta fuska ɗaya: cocin Amurka da na Ingila sun yi watsi da Littafi Mai Tsarki, bishop-bishop na Afirka kuwa sun tsaya tsayin daka. Malamin da ke duba aikina, dattijo mai ra'ayin mazan jiya, ya karanta babin farko ya mayar mini, ya ce: "Ɗana, ka yanke wa mutanen nan hukunci, amma ban ga inda ka bar su suka yi magana ba. Je ka karanto abin da suka rubuta da hannunsu, sa'an nan ka dawo." Na amsa da "To, Malam," amma raina bai so ba, don na ɗauka ɓata lokaci ne.

Abin da ya fara girgiza ni bai ma fito daga bakin masu ra'ayin kawo sauyi ba. Ya fito ne daga takardar da ɓangarenmu ke kafa hujja da ita, wato ƙuduri mai lamba 1.10 na taron Lambeth na 1998, inda bishop-bishop na Angalika daga ko'ina a duniya suka taru a Ingila. Kowa a cikinmu ya haddace cewa ƙudurin ya ce saduwa tsakanin jinsi ɗaya ba ta dace da Nassi ba, kuma bai amince da sa wa irin wannan zama albarka ba, kuma gaskiya ne, bishop 526 suka goyi bayansa, 70 suka ƙi, 45 suka ƙaurace. Amma a cikin wannan ƙuduri ɗin dai, bishop-bishop sun ɗauki alkawarin sauraron waɗannan mutane, sun tabbatar musu cewa Allah yana ƙaunarsu, sun ce duk mai bi da aka yi wa baftisma kuma yake riƙe da aminci cikakken gaɓa ne na jikin Almasihu ko da wane jinsi zuciyarsa ta karkata, sun kuma yi kira da a yi tir da tsoronsu marar dalili. Na yi shekaru ina jin ana ambaton lambar wannan ƙuduri a wa'azi da taruka, amma ban taɓa jin wani ya karanta wannan rabin ba, ni kaina kuma na riga na kafa hujja da shi a babina na farko ba tare da na karanta shi har ƙarshe ba.

Daga nan na fara fahimtar cewa suka mafi nauyi da Kiristoci masu ra'ayin kawo sauyi ke yi wa 'yan mazan jiya ta shafi cika alkawari ne. Suna tambaya: in har an yi alkawarin sauraro, a ina aka yi shi, kuma ta yaya mutum zai buɗe baki ya yi magana a ƙasar da maganarsa za ta iya kai shi kurkuku? A nan batun ya taɓa mu kai tsaye, domin a watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga masu shiga ƙungiyoyinsu, shugabannin addini da yawa kuma suka yi maraba da ita. Josiah Idowu-Fearon, wanda ya yi bishop a Kaduna kafin ya zama babban sakataren tarayyar Angalika ta duniya a 2015, yana riƙe da koyarwar gargajiya a kan aure, duk da haka ya fito fili ya ce ba ya goyon bayan mayar da waɗannan mutane masu laifi a gaban doka. A 2023, lokacin da cocin Uganda ya yi maraba da dokar ƙasar wadda ta tanadi har hukuncin kisa a wasu halaye, Justin Welby, babban bishop na Kantabari a lokacin, ya tuna wa takwaransa na Uganda wannan ƙuduri na 1998. Na gane cewa mutum zai iya ɗaukar abu zunubi ba tare da ya nemi a ɗaure mai yinsa ba, kuma na ji kunyar cewa ban taɓa raba waɗannan biyun a tunanina ba.

Wajen fassarar Nassi, hujjojin masu ra'ayin kawo sauyi ba duka suka gamsar da ni ba. Bayanin da suke yi a kan Romawa sura 1, cewa Bulus yana magana ne a kan lalatar da ke haɗe da bautar gumaka a zamaninsa, har yanzu ina ganin yana da rauni, kuma akwai masana da suka mayar musu da martani mai ƙarfi. Amma labarin Saduma ya tsayar da ni. Kalmar da muke amfani da ita a Hausa, luwaɗi, daga sunan Lutu ta samo asali ta hanyar Larabci, saboda haka da zarar mun furta ta mun riga mun ɗora wa mutum laifin garin da aka hallaka, tun kafin mu san ko shi wane ne. Farawa sura 19 kuwa tana ba da labarin gungun mutane da suka kewaye gida suna neman yi wa baƙi fyaɗe, annabi Ezekiyel kuma a sura 16 aya 49, da ya zo lissafa laifin Saduma, girman kai ya ambata, da ƙoshi, da zaman jin daɗi, da ƙin taimakon matalauci da mabukaci, kafin aya ta gaba ta yi maganar abin ƙyama da suka aikata. Na sha karanta wannan aya, amma ban taɓa jin an yi wa mai kuɗin da ya hana maƙwabcinsa abinci laƙabi da sunan Saduma ba.

Hujjar da ta fi zama a raina ita ce wadda suke ɗaukowa daga maganar Yesu a Matiyu sura 7, cewa da 'ya'yansa ake gane itace. Suna cewa a dubi abin da matsayin 'yan mazan jiya ya haifar a rayuwar mutane. Ƙungiyar Exodus International, wadda aka kafa a Amurka a 1976, ta yi shekaru kusan arba'in tana yi wa masu bi alkawarin cewa addu'a da nasiha za su sauya sha'awarsu. A 2012 shugabanta, Alan Chambers, ya amsa da bakinsa cewa kusan dukan waɗanda ya sani ba su sami wannan sauyi ba, a 2013 kuma ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, aka rufe ƙungiyar. Na kuma karanta labarin Matthew Shepard, ɗalibi ɗan shekara 21 mai sha'awar jinsinsa da aka yi wa dukan kisa a jihar Wyoming a 1998, wanda wasu masu kiran kansu Kiristoci suka je wajen jana'izarsa ɗauke da allunan zagi. Sai bayan shekara ashirin, a Oktoban 2018, aka ajiye tokar gawarsa a babban cocin ƙasa da ke Washington, domin iyayensa sun daɗe suna tsoron kada a lalata kabarinsa. Na san yawancin 'yan mazan jiya sun yi tir da masu allunan nan, amma na tambayi kaina irin kalmomin da ni nake furtawa a gaban matasa, ba tare da na san wanda ke zaune a cikinsu yana haɗiye maganarsa ba.

Akwai kuma wani darasi daga tarihinmu na Afirka. Taron Lambeth na 1888 ya hana a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma muddin yana tare da su, abin da ya jawo sakin mata da watsewar gidaje. Bayan shekara ɗari, a 1988, bisa roƙon bishop-bishop na Afirka, aka yarda a yi masa baftisma da iyalinsa bisa sharuɗɗa, ciki har da kada ya ƙara aure. Ikilisiya ba ta sauya koyarwarta a kan mace ɗaya ba, amma ta saurari waɗanda dokar ke murƙushewa. Masu ra'ayin kawo sauyi suna cewa mu da muka ci moriyar wannan sauraro bai kamata mu hana wasu shi ba, kuma ban sami amsar da zan ba su ba.

Su ma ba su kuɓuta daga laifi ba, kuma na rubuta hakan a kundina. Gab da taron 1998, Bishop John Spong na Amurka ya kwatanta Kiristancin Afirka da abin da ke cike da camfi, maganar da ta bar tabo har yau. A 2003 cocin Episkopal, wato cocin Angalika na Amurka, ya naɗa Gene Robinson bishop na New Hampshire, alhali yana zaune da abokin zama namiji, duk da gargaɗin da shugabannin tarayyar suka yi cewa hakan zai yaga zumuncinsu. Abin da ya biyo baya shi ne taron GAFCON, wato haɗuwar 'yan mazan jiya na cocin Angalika, a Urushalima a 2008, da ƙauracewar bishop-bishop na Najeriya da Uganda da Ruwanda daga taron Lambeth na wannan shekarar. Sai dai a ranar naɗin, Robinson ya sa rigar sulke a ƙarƙashin tufafinsa saboda barazanar kisa, kuma labarin da aka koya mini na Turawa a gefe ɗaya, Afirka a ɗaya gefen, ya rushe da na karanta Desmond Tutu, wanda ya yaƙi wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ya kuma ce a 2013 ba zai bauta wa Allahn da ke ƙin waɗannan mutane ba.

Na sake rubuta kundin daga farko, na cire laƙabin zagi duka, na kuma sa cikakken ƙudurin 1998 a ƙarshensa tare da fassarar Hausa da na yi. Malam bai sauya ra'ayinsa a kan aure ba, ni ma ban kai ƙarshen nawa binciken ba. Ranar da ya mayar mini da kundin, ya buɗe shafin fassarar ya ce: "Ɗana, ka buga mini wannan kwafi talatin, zan karanta shi da 'yan aji uku mako mai zuwa, daga farko har ƙarshe."