Mudu Nawa Albashin Zai Saya?

A shekarar ƙarshe ta karatuna na tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, aka ba ni aikin kwatanta jin daɗin rayuwa tsakanin Najeriya da Nijar. Na ɗauka aikin mako guda ne. Na kwaso alƙaluman Bankin Duniya, na ga in aka raba arzikin kowace ƙasa da yawan mutanenta, kason ɗan Najeriya ya fi na ɗan Nijar nesa ba kusa ba. Na haɗa da ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya take fitarwa tun 1990, mai duba tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga, inda Nijar ta daɗe tana can ƙasa-ƙasa. Na rubuta babi guda na kai wa malamin da ke duba aikina.

Bai ƙaryata ko lamba ɗaya ba. Ya dai cire tabarau ya ce, "Wane ɗan Najeriyar kake nufi, na Legas ko manomin Giwa? Kuma kason nan naka, mudu nawa na gero zai saya?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban duba ba." Ya ce to in je kasuwa.

A Sabon Gari na samu wani dattijo mai shayi, mutumin yankin Maraɗi, da ya daɗe a Zariya. Da jika da dala yake lissafi, sai da ya koya mini cewa dala sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. Yana fifita shayi tsakanin kofuna biyu ya ce, "Ɗana, abin da nake aikawa gida da can buhun gero yake saye. Yanzu in na kai wa mai canji, kunya nake ji in faɗa wa iyali abin da ya fito."

Dalilin yana cikin littattafan da na karanta, amma sai a gaban teburinsa ya shiga kaina. Sefa a ɗaure take da yuro, kowace yuro sefa 655.957. Naira kuwa an sakar wa kasuwa ita ta riƙa yanke mata daraja a Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin mai, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Cinikinsa bai ragu ba, gumin da yake yi ma haka, amma kuɗin na tsallaka Jibiya sai su zagwanye.

Na ce, "To Baba, me zai hana ka koma gida?" Ya girgiza kai. Can, in ji shi, rayuwa a hannun damina take, in ruwa ya ɗauke da wuri rumbu ba ya kai rani. Ciwon matarsa a asibitin koyarwa na Shika aka gano kansa. Ko wutar da suke sha, wadda suke kira kuran, a lokacin mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, shi ya sa da aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulki suka ji a jikinsu. Amma ya ce tun 2006 doka ta yafe wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin jinya, ko da yake ba kullum ake samun maganin ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai na gidanmu ne a Tudun Wada. Na zauna na lissafa abin da mahaifina yake fitarwa duk wata: 'yan garuwa, man janareto, kuɗin 'yan sintiri, makarantar kuɗi ta ƙannena. Duk wannan, lissafin arzikin ƙasa yana ɗaukarsa ciniki ne, yana ƙara mata girma a takarda, alhali rashin ruwan famfo da wuta da tsaro ne ya tilasta mana kashe shi. Har yau wannan yana damuna, don da irin wannan lissafi ake tsara manufofin da suka shafi talaka.

Na yage babin na sake shi daga tushe. Na dawo da kwatancen tsakanin Katsina da Maraɗi, masu harshe ɗaya da abinci ɗaya, na sa farashin gero da jarkar ruwa da kuɗin mota zuwa asibiti mafi kusa. Wata biyu ya ci mini, kuma rabin tambayoyin da na yi amfani da su a kan bencin mai shayin nan na tsara su.