Daga Matan Fada zuwa filin ƙwallo: inda za ka tsaya da lokacin da za ka fita

Ranar ƙarshe ta bikin kamun kifi na Argungu, abu ɗaya kowa ke jira: a ba da alama, dubban masunta su kwasa da gudu riƙe da homa da gora su faɗa kogin Matan Fada. A wannan minti idon kowa yana kan ruwa. Na baya yana son ya ga abin da na gaba ke gani, sai ya matsa taku ɗaya, na bayansa ma ya matsa, haka har layi ashirin ko talatin. Mutumin da ke can gaba a bakin gaɓa, ko jikin shingen ƙarfe, shi ke ɗaukar nauyinsu duka, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya san yana cutar da wani.

Bikin nan ba ƙaramin taro ba ne. Asalinsa a yadda aka san shi yanzu yana komawa 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya, kuma da aka dawo da shi a 2020 bayan hutun kusan shekara goma, jama'a sun zo daga ko'ina. Ga kokawa da dambe, ga wasannin ruwa na kabanci, ga dawaki. Abin da zan faɗa ya shafi nan, ya kuma shafi filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi ko na tunawa da Sardauna a Gusau ranar babban wasa, domin jikin mutum iri ɗaya ne ko a bakin kogi ko a bakin ƙofa.

Mu kan ce turmutsutsu, sai mutum ya hango jama'a suna gudu suna tattake juna. Akan yi hakan, amma yawancin waɗanda ke rasuwa a cunkoso numfashi ne ke gagararsu, wasu ma a tsaye suke cikawa. Ƙirji yana buƙatar wurin buɗewa kafin iska ta shiga. Idan aka danne shi gaba da baya, duk fitar da numfashin da ka yi sai matsin ya cike gurbin, na gaba ya fi na baya ƙanƙanta. Cikin ƙasa da minti guda mutum na iya suma, cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Abin da ya faru ke nan a filin ƙwallon Hillsborough na Ingila a 1989, inda aka buɗe wata ƙofa jama'a suka kwarara ta wani lungu zuwa cikin wurin tsayuwar 'yan kallo mai shinge da ya riga ya cika, mutum 97 suka rasa rayukansu. A Yawunde ta Kamaru a Janairun 2022, a bakin ƙofar filin Olembe mutum 8 suka mutu, kafin ma su ga ƙwallon.

To yaya za ka gane taro ya fara wuce kima? Masana cunkoso suna ƙirga mutane a murabba'in mita ɗaya, wato faɗin dardumar salla da ɗan ƙari. Mutum 2 ko 3 a wannan faɗi, kowa na da ikon kansa. Da an kai 5 an shiga haɗari. Daga 6 zuwa sama taro ya zama kamar ruwa: igiyar turi takan taso daga wani wuri ta ɗauke ka taku biyu ko uku ba da sonka ba. Ba wanda zai tsaya awo a fili, don haka ga gwajin da jikinka zai yi maka. Ɗaga hannu ka taɓa hancinka. In ka yi shi ba wahala, da sauran sarari. In sai ka yi kokawa da kafaɗun mutane kafin hannun ya fito, ko ka ji ana taɓa ka ta gaba da baya da gefe biyu lokaci guda, lokacin fita ya yi, tun ƙafarka tana bin umarninka. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su ce sun sha wahala kafin su sami wurin nan, ba za su bar wa wani ba.

Zaɓen wurin tsayawa ya fi komai da za ka yi daga baya. A bakin Matan Fada, layin farko shi ne mafi daɗin kallo kuma mafi muni: gabanka gangare da ruwa, ƙasar gaɓa tana iya zaftarewa idan nauyi ya yi mata yawa, bayanka kuma dubban mutane. Nemi gefe, inda za ka iya juyawa ka ga fili a bayanka. Kada ka tsaya a hanyar da masunta za su bi su shiga ruwa, domin mai gudu da homa a kafaɗa ba birki gare shi ba, kuma in ɗoki ya sa wasu suka faɗa kafin a ba da alama, sauran binsu za su yi. Wuri na biyu da ke cika shi ne wajen awo. Da an ce an fito da giwan ruwa ana kai ta ma'auni, taro gaba ɗaya yakan karkata wuri guda. Kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, kowa na son gani da idonsa, amma hotonsa zai zo wayarka kafin ka isa gida.

Akwai kuma isowar manyan baƙi. Idan jerin motoci ya doso, jami'an tsaro da dogarai kan tura jama'a baya don buɗe hanya, kuma mutanen da aka tura ba su da inda za su sai jikin na bayansu. In bayan naka katanga ce ko motar da aka ajiye ko shinge, kai ne za ka zama katifa. Da ka ji jiniya, matsa daga bakin hanya tun kafin a matsar da kai. Haka in wani ya fara watsa kuɗi ko huluna ko riguna daga kan mota: juya ka yi nesa. Wanda ya sunkuya tsintar naira ɗari biyar a cikin turereniya ya buɗe rami, kuma ramin nan mutane ne za su cike shi. Ni a ganina duk mai shirya taro da ya bari aka yi watsi irin wannan ya kamata a tuhume shi.

A filin ƙwallo ƙofa ce matsala, shiga da fita. Je da wuri, awa biyu kafin a take wasa ba ɓata lokaci ba ne, domin matsin yakan taru ne a rabin awar ƙarshe, lokacin da na waje suka ji ihun na ciki. Da ka shiga, kafin ka zauna, duba ƙofofi biyu ban da wadda ka shigo ta ita, ka kuma tabbatar ba kwaɗo a jikinsu. Ɗabi'ar mutum ce in ya firgita ya nufi inda ya shigo, shi ya sa ƙofa ɗaya kan toshe alhali wata na gefe a wofi. In wasa ya fara zafi, an fara jifan alƙalin wasa da ledar ruwa da duwatsu, fita a lokacin, kada ka jira barkonon tsohuwa. A Akara ta Gana ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda sun harba shi cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga ƙofofin da ke rufe, mutum 126 suka mutu. An maimaita kusan irinsa a filin Kanjuruhan na Indunusiya a 2022, aka rasa 135. Hayaƙin yana sa hawaye da tari da zafin fata, amma ga mai lafiya yakan lafa cikin rabin awa in ya sami iska. Rufe hanci da baki da ƙyalle, kada ka murza ido, ka nufi inda iska ke fitowa a hankali, ka guji matattakalar da kowa ya nufa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihun gaba.

In kuwa ka riga ka makale, koyi da ɗan dambe. Ware ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa biyu a dunƙule gaban ƙirji. 'Yan yatsu kaɗan na sarari da damatsanka suka tsare maka su ne numfashinka. Kada ka yi gardama da igiyar turi, ƙarfinka ba zai kai ba, bi ta kana kiyaye tsayuwarka. Bayan kowane turi akan sami ɗan lafawa, a nan za ka zame a karkace, taku ɗaya ko biyu zuwa gefe, ka jira na gaba. Ihu yana cinye iskar da kake buƙata, yi magana da hannu da ido. Waya ko hula ko takalmi in ya faɗi, ya tafi ke nan. Amma mutum in ya faɗi kusa da kai, ɗaga shi nan take, ku biyu ko uku ku kama hammatarsa, domin faɗuwarsa ce za ta jawo taku. In kai ne a ƙasa kuma tashi ya gagara, kwanta ta gefe, ka naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ka rufe kai da hannu. Kwanciya rigingine ko rub da ciki ita ke ba nauyi damar hawa ƙirji kai tsaye.

Sutura ma tana da nata. Silifas shi ne farkon abin da ke zamewa, sa takalmi mai rufi ko mai maɗauri. Babbar riga da dogon mayafi da jakar rataye a wuya suna maƙalewa a ƙarfe, ko wani ya taka su ya ja ka ƙasa. Kuɗi kaɗan a aljihun gaba ya isa, saboda 'yan sane ranar kasuwarsu ce, kuma ka riƙe tsaba, don layin waya kan cushe har na'urar POS ta ƙi aiki.

Iyaye mata, goyo a baya cikin cunkoso haɗari ne babba. Jaririn yana daidai inda matsi ke sauka, uwa ba ta ganin fuskarsa, kuma yaron da numfashi ya gagara ba ya kuka. In dole ne a zo da shi, a tsaya can gefe, in taro ya fara matsewa a dawo da shi gaba. Yaro ɗan shekara uku zuwa shida uba ya ɗora shi a wuya. Rubuta lambar waya da biro a damtsen kowane yaro, don takardar aljihu ɓacewa take yi, sannan ku sa wurin haɗuwa a wajen filin, wuri tsayayye kamar wani masallaci ko gidan mai, da lokaci. Saƙon tes yakan wuce a inda kira ya kasa.

Rana kuma ba ta raga wa kowa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris zafin ƙasar Kabi yakan doshi digiri 40. Sha aƙalla ledar fiya wata ɗaya duk awa, tun kafin ƙishi ya kama ka. Wanda ya yi gumi sosai har jiri ya fara ɗibarsa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: leda 2 na ruwa, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In fatarsa ta yi zafi rau, magana ta fara rikicewa, wannan ya wuce ruwan gishiri: a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, huhu yake tafiya.

Kwale-kwale, in za ka shiga don kallo ko tsallakawa, dubi gefensa: in ruwa ya kusa kai baki, jira na gaba, kuma nemi rigar kariya. Jihar Kebbi ba ta manta da hatsarin jirgin ruwan Warra na Mayun 2021 ba. Wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa ceton wani, ya miƙa gora ko sanda ko igiya ya kira masunta. In an tsamo mutum, a bar al'adar danna masa ciki ko juya shi ƙafa sama wai ruwa ya fita, lokaci kawai ake ɓatawa. A kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba numfashi. In babu, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a ci gaba a haka har ma'aikatan lafiya su karɓa. Wanda aka zaro daga matsi ba ya numfashi ma danna ƙirji da hura iskar nan za a yi masa. Wani ya kira 112, wani ya ruga wajen 'yan agaji, sauran su ja baya su ba da iska. Wanda ya fito daga matsi da ƙafarsa amma ƙirji na ciwo, idanu sun yi ja kamar jini, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, ya je asibiti a ranar, ko babban asibitin Argungu ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi.

Saura komawa gida. Ajiye mota nesa kaɗan, hancinta na kallon hanyar fita. Ka tashi minti goma sha biyar kafin a tashi, ko ka zauna rabin awa bayan an watse, tsakanin nan ne ƙofa da titi ke haɗuwa da masu babura. Mai doguwar tafiya, musamman wanda zai bi hanyoyin Zamfara, ya lissafa yadda zai isa da sauran rana, in lissafin bai fita ba ya kwana a gari ya kama hanya da safe. Lambar jami'an kiyaye haɗurra a kan hanya ita ce 122.